Shirun Sakinatu

Bisa ga rahoton kwamitin bincike, wata ranar Talata a cikin damina, a ƙaramin asibitin wani ƙauye arewa da Tsanyawa, an karɓi haihuwa biyu, an sallami uwa ɗaya. Rahoton bai cika shafi guda ba.

Ma'aikaciyar da abin ya shafa ita ce Malama Barira, nas kuma ungozoma. A takarda ma'aikatan asibitin su huɗu ne. A zahiri ita kaɗai ce, tun shekarar da aka daina ɗaukar ma'aikata. Ita ke awon ciki, ita ke allura, ita ke tafasa almakashi a kan risho. Da yake hannu biyu Allah ya ba ta, sai ta kafa wa kanta ƙa'ida: wadda ta fi ihu ita ake fara dubawa. Shekara tara ƙa'idar tana aiki.

Da hantsi aka kawo Hure, haihuwa ta bakwai, ana jin salatinta har bakin rijiya. Ita ta hau gadon haihuwa, domin guda ɗaya ne. Da azahar Tasi'u ya sauke matarsa Sakinatu daga amalanke, da cikin fari, tare da gwaggonta Kulu. Aka shimfiɗa mata tabarma a baranda.

Barira ta leƙo, hannunta cikin safa. "Yaya ciwon?"

Sakinatu ta sunkuyar da kai.

"Da sauƙi, Malama," in ji Kulu. "Mu a gidanmu ba a raki a haihuwar fari. Ba kamar wasu gandama-gandama ba." Ta nuna ɗakin da leɓe.

"Zo ki karɓe ni, Kulu, mu ji taki muryar!" Hure ta amsa daga ciki.

Barira ta yi dariya, ta koma. Ɗan Hure da ƙafa ya taho, sai da aka kira la'asar ta raba su lafiya.

Da ta fito baranda, ta tarar da jaririya a hannun Kulu. Sakinatu tana kwance, zaninta ya jiƙe, jini ya ratsa tabarma ya bi siminti.

"Tun yaushe?"

"Tun ɗazu. Ko uffan ba ta ce ba," in ji Kulu, da sauran alfahari a muryarta.

Allurar tsayar da jini ta ƙare tun watan jiya. Barira ta danna marar yarinyar da hannu biyu, tana kiran sunanta. Tasi'u ya ruga neman mota. Kafin ya kai bakin titi, aikin gama ya gama.

Ga abin da lamarin ya ci. Tabarma ɗaya, an ƙone. Takardar gargaɗi ɗaya ga Malama Barira, saboda rashin lura. Sakinatu, shekara goma sha tara. Jaririya ɗaya, an sa mata sunan uwarta, ta yi kwana goma sha ɗaya a duniya.