Kakannin Malachy

Attracta ta ɗaga sarƙar ƙofar makiyaya, ta tura ƙofar da gwiwa, ta tsaya riƙe da ita har ƙanenta ya wuce. Malachy ko waiwaye bai yi ba. Idonsa na can saman tudu, inda wani tarin duwatsu ya yi tsiri cikin hazo, wayarsa a ɗage yana ta ɗaukar hoto. Sababbin takalman hawan dutse da ya sayo a Boston ta Amurka sun riga sun nutse cikin taɓo har idon sawu. Ita ta mayar da sarƙar, don kada tumakin mutane su fita titi.

Fiye da shekara ashirin rabonsa da garinsu Sligo, kuma zuwan nan na 'yan kwanaki ne. Mahaifiyarsu tana kwance a ɗakin baya tun da ɓarin jikinta ya shanye, Attracta ce ke juya ta, ta yi mata wanka, ta canza mata kunzugu. Ranar da ya iso ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yana numfashi ta baki, ya ce wa Mami ta yi kyau, ya koma kicin ya buɗe taga. Tun daga nan ayyuka suka yi masa yawa. Ya je tsohuwar makarantarsu, ya je mashaya wurin abokan ƙuruciya, ya je ya ɗauki hoton kabarin babansu. Yau kuma ya ce ba zai koma Amurka ba sai ya ga kushewar mutanen da. Wai ya aika da yawunsa an auna a can, an ce masa jininsa ɗaya da na waɗanda suka tara duwatsun nan shekaru dubbai da suka wuce.

Ba don kushewar ta yarda ta tuƙo shi ba. Magana take so su yi, kuma a gida ba ya zama. Likita ya ga wani ƙari a mahaifarta, za a yi mata tiyata wata mai kamawa, bayan nan makonni ba za ta ɗaga ko buta ba, balle mutum. Gidan kula da tsofaffi ya cika. Maƙwabciyarsu Nuala, wadda ta bari tana zaune da Mami yanzu, ita ma ta tsufa, bayanta ba ya barinta sunkuyo. Attracta ba ta gaya wa kowa ba tukuna.

Hanyar ta miƙe sama ta cikin ciyawa mai danshi. Tun tana yarinya ba ta sake hawowa ba, kuma abin da ta gani ya ɓata mata rai. Gwangwanayen giya a gindin kowane dutse. A jikin wayar shinge an rataya ƙananan ledoji na kashin kare, masu su sun ƙulle su tsaf sun tafi sun bar wa wani. Malachy bai ga ko ɗaya ba. Yana haki yana ba ta labarin yadda mutanen da suke karanta rana da taurari, kamar da shi aka yi.

"Ba kya jin wani abu a jikinki, Tracta? Ni tsigar jikina sai tashi take."

"Sanyi ne, Ɗan Amurka. Ja zif ɗin rigarka."

Kushewar ta fi yadda ta tuna ƙanƙanta. Tulin duwatsu ne masu launin toka, da wata 'yar ƙofa a ƙasa wadda sai da rarrafe ake shiga. A kan dutsen da ya gicciye ƙofar wani ya kankare sunansa da na budurwarsa da mabuɗi. An cusa tsummoki masu launi a tsakanin duwatsu, ruwa ya ruɓar da su. Ga narkakken kyandir, ga bawon ayaba ya yi baƙi.

Malachy ya cire hularsa, ya durƙusa, ya shige da rarrafe. Can ta ji muryarsa daga ciki tana amsa kuwwa, yana roƙonta ta shigo. Ta rataya jakarta a baya ta bi shi, duwatsu masu sanyi suna cin gwiwoyinta.

Wani wari ne ya fara tarar ta. Ba warin ƙasa ba ne, ba kuma na tunkiya ba. Ta san shi sarai, da shi take kwana da shi take tashi. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ƙanen nata cikin hasken waya. Ɗakin ɗan ƙarami ne, rufinsa duwatsu ne da aka jera kan juna suna tsukewa sama. Malachy ya kafa tafukansa biyu a jikin dutsen ƙurya, ya rufe ido, hawaye na bin kumatunsa suna shiga gemu. Hawayen gaske ne, abin da ya fi ba ta ƙyama ke nan. Ranar jana'izar babansu ta waya ya kalla. A bakin ƙofar Mami idonsa a bushe yake. Ga shi nan yana shessheƙa saboda mutanen da ko sunansu babu wanda ya sani.

Ya ce mata cikin raɗa, duk tsawon shekarun nan a Boston yana ji kamar an yanke shi daga wani abu, sai yau ya gane ko mene ne. Ya ce ya dawo gida.

"Malachy, akwai maganar da nake so..."

"Shhh. Saurara kawai. Suna nan."

Ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba sai ɗigar ruwa da jan majinarsa.

Wajen fita ne abin ya faru. Yana ja da baya da rarrafe, ya dafa hannun dama a wani lungu da hasken bai kai ba. Ta ji ya tsaya cak, sannan ya yi wata ƙara a maƙogwaro, ya banke ta ya fice. Ta fito ta same shi a sunkuye bayan kushewar yana kakarin amai, hannun a miƙe nesa da jikinsa kamar ba nasa ba. Bayan gida wani ya yi a lungun, ga kashin nan har tsakanin yatsu, har bakin agogo.

Attracta ta sauke jaka. Ba ta fita ko'ina ba tare da kayan Mami ba, ko da Mamin ba ta tare da ita. Ta zura safar hannu, ta ciro jiƙaƙƙen tishu, ta kama wuyan hannunsa. Ya miƙa mata shi ya kau da kai, ya runtse ido kamar yaron da za a yi wa allura. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta goge ƙarƙashin farce, ta kwance agogon ta goge shi daban. Mutum mai shekara hamsin da wani abu, da furfura a gemu, bai ko yi tayin karɓar tishun ba.

Da numfashinsa ya dawo sai faɗa. Wane irin dabba ne zai yi haka a wuri mai tsarki? Ina hukuma? A Amurka da tuni an kewaye wurin da shinge an sa mai gadi. Mutane sun daina ganin girman na gaba da su, shi ne matsalar duniyar nan.

Tana zuba masa ruwan gora a hannu ta gaya masa. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi ƙarin, ta faɗi tiyatar, ta faɗi makonnin da za ta yi ba ta ɗaga komai. Ta ce tana so ya ɗaga tafiyarsa, ko ya je ya dawo kafin a kwantar da ita, don ya kula da Mami. Aikinsa a kwamfuta yake yi, shi da bakinsa ya ce ko daga duniyar wata zai iya yin sa.

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce Allah sarki, me ya sa ba ta faɗa tun da wuri ba. Ya ce lallai za a san yadda za a yi, zai bincika, akwai masu irin wannan aikin, da ya koma zai zauna da matarsa su duba.

"Ba wai ba na so ba ne, Tracta. Kin dai ga yadda na yi yanzu. Zuciyata ba ta ɗaukar irin wannan. Ke kuwa tun muna yara ba kya ƙyama."

"Wa ya gaya maka?"

"Ai ga shi ko yamutsa fuska ba ki yi ba."

"Kullum da safe sai na tsaya a bakin ƙofar Mami na haɗiye yawu kafin na shiga. Har yau. Ba a haifi kowa da son kashi ba, Malachy."

Ya ɗaga hannun ya sunsuna, ya sake ɓata fuska, ya tambaye ta ko tana da turare.

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Sannan ta zari leda daga jaka, ta durƙusa ta sake shiga kushewar ita kaɗai. Ba don shi ba. Ba za ta iya tafiya ta bar wannan abu a nan ba, shi ke nan. Ta kwashe shi, da tishun da mai shi ya yar, da guntayen kyandir, tana riƙe numfashi. Da ta gama ta zauna kan dugaduganta don jiri ya sake ta.

Hasken ƙofa ya faɗo kan duwatsun bango. Ta lura da yadda aka toshe kowace kafa da ƙananan duwatsu, an danna su da hannu ɗaya-ɗaya don kada ruwa ya shigo. Wani ya yi wannan aikin da sanyi na cin yatsunsa. Waɗanda aka ajiye a nan kuma ba kwatsam suka mutu duka ba. Wasu sun daɗe a kwance, sun ɓata shimfiɗa, an ɗaga su an goge su, an sake gogewa, kafin a ɗauko su zuwa saman tudun nan. Attracta ta dafa dutsen da ke kusa da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ji kamar ta san matar da ta yi wannan jinyar, ta san ciwon bayanta, kuma ta tabbata ita ma tana da ɗan'uwa.

Da ta fito ta ƙulle ledar ta miƙa masa. Ya ja da baya.

"Kakanninka ne. Riƙe."

Ya karɓa da yatsu biyu. Haka ya sauko da ita tudun, hannu a miƙe, yana zamewa cikin taɓo, bai sake ɗaukar hoto ko ɗaya ba. A mota ya sauke gilashi duk da yayyafi. Ya yi ƙoƙarin jan ta da hira kan farashin tikitin jirgi da wahalar canza rana, ta ƙara sautin rediyo.

Suna tsayawa a ƙofar gida Nuala ta fito tana goge hannu da tawul. Ta sunkuyo ta taga ta ce Mami ta sha shayinta, amma tana bukatar canji tun ɗazu, ta gwada juya ta bayanta ya ƙi. Malachy ya riga ya fita, yana tsaye yana jiran yayarsa ta wuce gaba.

Attracta ba ta kashe motar ba. Ta ɗauko jakar daga kujerar baya, ta miƙa ta taga ta ɗora masa a ƙirji, sai da ya rungume ta don kada ta faɗi.

"Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ka fara juya ta ɓangaren hagu, ka riƙa yi mata magana kana yi, ba ta son shiru. Nuala za ta nuna maka sauran."

"Ina za ki?"

Ita ma ba ta sani ba. Ta ja motar da baya, ta hau titi, a mararraba ta ɗauki hanyar bakin teku. Sai da ta yi nisa ta lura har yanzu da safar hannu take tuƙi. Ta tsaya a gefen hanya ta cire su, ta sa wayarta a shiru, ta ci gaba.