Motsa Yatsun Ƙafarka, Likita

Shekara uku Sista, ma'aikaciyar jinya, tana roƙon Allah ya kawo mata mutumin nan, sai ga shi ranar Laraba an turo shi ɗakin majinyatan da take kula da su, ƙirji a ɗinke, siririn bututun kashe zafi manne a gadon bayansa. Likitan sa barci ne, wanda ake wa kirari da Hannu Ɗaya, wai sau ɗaya yake soka allurar baya ta zauna. Yau shi aka yi wa aikin zuciya.

Ita kam ba ta manta ba. Yayanta mai gyaran wuta, wanda kullum yake saman turken lantarki, shi ma aikin zuciya aka yi masa, kuma Hannu Ɗaya ne ya sa masa bututun. Wanda aka yi wa irin wannan aiki ana ba shi maganin tsinka jini, to in allurar ta taɓa jijiya, jini kan taru ya danne laka. Bai cika faruwa ba, amma in ya faru, 'yan awoyi ne tsakanin mutum da ƙafafunsa. Sau uku ta je ta ce masa ƙafar Yaya ta yi nauyi, a ɗauki hoton baya. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce magani ne bai sake shi ba, ta daina yi masa karambani. Washegari aka buɗe bayan, an makara. Yaya na kan keken guragu har yau, ita ke juya shi a shimfiɗa.

Ta tsane shi, tsana mai hana cin abinci.

Duk awa sai ta zo ta yaye zanen gado ta ce Likita ya motsa yatsun ƙafa. Da hantsi sun motsa. Da azahar na hagu suka yi shiru. Shi ya fi kowa sanin ma'anar wannan, nan take gumi ya karyo masa. Ta fita, ta dawo, ta ja kujera ta zauna tana gyara farcenta.

"Sista, don girman Allah a kira likitan baya. Hoto. Yanzu."

"Haba Likita. Magani ne bai sake ka ba. Zuwa gobe zai wuce."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau, ya gane ta. Wayyo, babban mutum ya hau kuka, yana laluben ƙararrawar da ta riga ta rataye nesa da hannunsa. Ya roƙe ta da iyayenta, ya ce ya yi kuskure, ya ambaci lambar gadon Yaya ma, ashe duk yana sane! Minti goma sha biyu ta bar shi a haka, kuma wallahi ta ji daɗinsu.

Sannan ƙofa ta buɗe, masu tura gado suka shigo da likitan baya. Tun fitar da ta yi ta kira su. Kafin la'asar an kwashe jinin.

Ranar da aka sallame shi, da ƙafarsa ya fito yana dogara sanda. A bakin ƙofar ɗakin ya tarar da ita riƙe da keke, Yaya na zaune a kai, ta tare rabin hanya. Ya tsaya.

"Wuce mana, Likita," in ji ta. "Taka a hankali, Yaya yana so ya ga yadda ake yi."