Zaren Ɗakin Sama

Ina riƙe da hammatarsa, ƙafarsa ɗaya ta shiga mota ɗaya tana waje, sai muka ji muryar Auta daga bakin ƙofa.

"Kawu, ina za ka kai min uba?"

Na ce, "Shan iska."

"Da tsakar ranar nan?"

Mai-zane bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Ai gaskiya ya faɗa miki. Iskar za mu je nema."

Ta tsaya tana kallonmu kamar ta kama ɓarayin kaza. Sannan ta koma ciki, ta fito da keken marasa lafiya, da gorar ruwa, da matashi. Ta buɗe bayan mota ta shige.

Mai-zane maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Gine-gine yake zanawa, shi ya sa unguwa ta sa masa wannan suna. Ni kuwa babbar mota na ja har bayana ya ce ya gaji, na koma dillancin tsofaffin ƙofofi da katako daga gidajen da ake rushewa. Nan harkarmu ta haɗu. Duk abin da mutane suka yar, shi yake so. Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, nas ce, ta ajiye aiki ta dawo gida tun ranar da likitoci suka sallame shi suka ce a je a riƙa lallaɓawa. Duk mun gane abin da suke nufi. Shi ma ya gane.

Aikinsa na ƙarshe otal ne na manya a bayan gari. Bangon jar ƙasa ne, kaurinsa ya kai tsawon hannu. Gadaje da tebura duk na tsohon katako, ruwan da baƙi suka yi wanka da shi kuma yana bi ta ƙasa ya je ya shayar da itatuwan tsakar gida. Babu esi, na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗaya. Ranar da ya fara nuna min zanen na ce masa, "Ni na kwana a masaukai iri-iri, daga mai kuɗin cizo har mai ƙamshi. Ban taɓa ganin attajirin da zai biya ya kwana a irin ɗakin da kakana ya gudu ya bari ba."

Ya ce, "Kakanka fitila ya gudu nema. Bai gudu don zafi ba."

Yana da wata ɗabi'a da ma'aikata ke yi masa dariya a kai. Ba ya yarda an gama ɗaki sai ya ɗaura farin zare a azarar rufi, ya sa an kashe wuta, ya rufe ƙofa, ya kwanta a ƙasa lokacin da rana ta fi zafi. In zaren ya motsa, barci kuma ya ɗauke shi, ɗaki ya yi. In ya tashi da gumi, a sake. Haka ya bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, har leburori suna cewa ba su taɓa ganin wanda barci ne aikinsa ba sai shi. Saura ɗaki guda ciwo ya kwantar da shi: babban ɗakin sama, wanda ya fi kowanne tsada. Da aka rufe shi aka gwada, sai ya zama tanda. Mai otal ya ce ya gaji, in mako ya ƙare bai gyaru ba za a toshe tagogin sama da gilashi a sa esi. Mai-zane ya san halin masu kuɗi, kamar yadda na sani. In aka sa wa ɗaki ɗaya, kafin shekara an sa wa duka.

Da muka isa otal ɗin, manaja ya tarbe mu a bakin lif mai hawa da mutane sama, mutum mai ladabi, rigarsa ba ko lanƙwasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da ka aiko."

"Wa zan aiko ya yi min barcin?"

Aka buɗe mana ɗakin a wangale, Auta ta tura keken ciki. Ƙofar na gane ta, ni na samo ta daga wani tsohon sito, baƙa ƙirin, mai nauyi, an goge ta tana sheƙi. Na hau kujera na ɗaura zaren. Muka shimfiɗa masa matashi a ƙasa, muka kwantar da shi yana fuskantar rufi. Manaja ya ja ƙofa.

Zare ya tsaya cik, kamar zana shi aka yi.

Tun ina share goshi da yatsa har na koma sharewa da hula. Mai-zane yana ta bin tagogin sama da ido, ƙanana ne a jere dab da rufi, duk a buɗe. Ya sa na zura sanda cikinsu ko tsuntsu ya yi sheƙa. Babu komai. Numfashinsa ya fara sama-sama.

Auta ta ce, "Baba, ya isa."

"Bari kaɗan."

"Ban zo nan in kalle ka kana dahuwa ba. Kawu, kama."

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka zo kwanar gida ya ce, "Direba, ko dai kakanka ne da gaskiya?"

Na ce, "Kakana bai taɓa yin gaskiya a kan komai ba, ka tambayi matansa."

Ya yi dariyar da ta zame masa tari.

Daga ranar bai ƙara fita ba. Kullum da hantsi nakan shiga in zauna a gefen gadonsa. Ɗakin nasa ba wani abin kallo a ciki: gado, kujera mai ƙafa ɗaya gajera da ya yi shekaru yana cewa zai gyara, da ludayin miya da yake dogare taga da shi. Mutumin da ya ƙawata wa attajirai ɗakuna ke nan. Abinci sai cokali biyu. Wani lokaci ya ɗaga yatsa yana zane a iska, daga ƙasa zuwa sama, ya tsaya, ya sake farowa. Auta ta ce min a tsakar gida, "Kawu, ka daina yi masa zancen otal ɗin nan." Na ce ni ban yi ba, yatsansa ne ke yi.

Ranar da masu gilashi za su zo, na shiga na tarar ya juya fuska wajen ƙofa. Auta ta rufe ta saboda hayaniyar masu talla. Hasken rana ya shigo ta ƙarƙashinta ya kwanta a siminti, wani ɗan gashin kaza yana ta rawa a cikin hasken.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Direba. Ranar nan, da aka rufe ƙofa, ka ga haske a ƙasanta?"

Na rufe ido na tuna. "Ban gani ba."

"Ƙofar da ka kawo, ta kai ƙasa?"

"Ina fa. Gajera ce. Har na ce maka a nemo wata, ka ce ita kake so."

"Yatsa huɗu ta rage. Ta nan iskar tsakar gida za ta shigo ta kori mai zafi ta sama." Ya huta. "Je ka duba."

Auta ta biyo ni har mota. Ta ce, "Kada ka daɗe." Ban tambaye ta dalili ba.

Na tarar da motar masu gilashi a bakin otal, suna sauke kaya. Na haye sama, na durƙusa da ƙyar a gindin ƙofar, na shafa. Ga shi nan. An ƙara mata katako a ƙasa, an shafe shi da baƙin fenti, aikin ya yi kyau har sai hannu ne zai gane, ido ba zai gane ba. Na sa aka kira kafinta, wani dattijo mai fensir a kunne.

Ya ce, "Ni na ƙara. Sauran ƙofofin sababbi ne, da giɓinsu aka yanko su, na ce to haka aka so. Wannan kuwa tsohuwa ce, na ɗauka ruɓewa ta yi aka datse. A ce ɗakin da ya fi kowanne, ƙofarsa da giɓi kamar ta akurki? Sai da na ɓata yini ina haɗa launin."

Na ce, "Ka iya aiki, shi ya ja mana. Cire."

Manaja ya ce, "Baba, mutanen nan fa sun riga sun zo."

"Ba su ruwa su sha a inuwa. Gilashi ba ya tsami."

Kafinta ya kwance sukurori yana tsaki, ya ɓamɓare katakon, ya kafa siririyar raga a gurbin saboda sauro, kamar yadda aka yi wa sauran. Muka shiga mu uku muka rufe. Haske ya kwanta a ƙasan ƙofa. Da farko ba komai. Can sai na ji wani sanyi yana lasar idon sawuna, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗaga kai. Zaren da na bari tun ran nan ya karkata, ya dawo, ya sake karkata.

Manaja ya cire takalmi ya tsaya da safa. Ya daɗe a haka. Sannan ya fita, na ji shi a baranda yana kiran mai otal.

Na buga wa Auta. "Gaya masa ya motsa."

Na ji takunta, na ji tana magana a hankali. Sai ta dawo.

"Ya ji. Ya ce wai saura rabin aiki."

"Wane rabi kuma?"

"Ya ce ka kwanta."

Na ce, "Auta, in taho?"

Ta ce, "Kawu, yi abin da ya ce."

Kafinta ya tattara kayansa ya ja min ƙofa. Na naɗe hulata na yi matashi da ita, na miƙe a inda muka kwantar da shi. Ni da na yi shekaru ina kokawa da barci a kan sitiyari, ban yi zaton zai zo ba, ga zuciya a gida. Ina kallon zare, ina jin kukan kurciya daga itatuwan ƙasa, ban san lokacin da ya ɗauke ni ba.

Da na farka rana ta yi sanyi. Wuyana a bushe, ba ɗigon gumi. Na leƙa ta taga, motar masu gilashi ba ta nan. Wayata tana gefe, Auta ta kira sau ɗaya, ba ta sake ba.

Na kira ta. Ta ce, "Kawu, ka yi barcin?"

"Na yi."

"Shi ma."

Allah ya jiƙansa. Na ce mata ga ni nan tafe. Na jawo kujera don in kwance zaren, har na ɗora ƙafa, sai na fasa. Na mayar da ita inda take, na sa hulata, na fita na ja ƙofar a hankali. Kafin ta rufe na hango zaren ta tsaga, yana ta lilo shi kaɗai a tsakiyar ɗakin.