Damin Baraka

Damin dawa ne, amma sai an faɗa wa mutum kafin ya yarda. Baƙi ƙirin yake, zangarnun duk sun ƙanƙance, ga ƙauri. Baraka ta ɗora shi a kan gammo ta miƙe hanyar majami'a, toka na zubo mata a kafaɗa.

Ranar Lahadin godiya ce a ƙauyensu na bayan Pauwa, ranar da kowane gida ke kai wa Ubangiji mafi kyawun abin da gona ta bayar, daga baya a raba wa gwauraye da marayu. Kwana goma sha tara ke nan da 'yan bindiga suka faɗo gonarta da hantsi a kan babura. Sun iske Almu, ɗanta tilo, yana ɗaurin dawa, suka harbe shi, suka cinna wa tarin wuta. Wannan damin kaɗai ta iya janyowa.

Ta riga ta yanke shawara tun a gida: in aka mai da mata da kayanta, ita da wannan ɗakin sujada har abada, duk da shekara talatin da ta yi tana kaɗa wa ƙungiyar zumuntar mata tulu lokacin waƙa a cikinsa.

Baba Gide, dattijon ikilisiya, shi ke karɓar kaya a bakin ƙofa. Mutum ne mai son komai tsaf, ko benci ya karkace sai ya ji a jikinsa. Yana ganinta ya ware hannuwa.

"Baraka, mine ne wannan?"

"Godiyata ce, Baba."

"Haba, ɗiyata. Wa ke kai wa Allah gawayi? Ajiye shi nan waje, ki shigo ki yi sujada. Kowa ya san halin da kike ciki."

"Ku kun sani. Shi nake so shi gani." Ko rage murya ba ta yi ba. "Kowace shekara abin da ya ba ni nake kawo mashi. Bana wannan ya ba ni."

Waƙa ta mutu a bakin mata. Fasto Yahuza ya sauko daga bagade cikin farar rigarsa ta biki. Shi ya binne Almu, shi ya yi ta karanta mata labarin Ayuba har ta ce ya isa haka, ita ma ta san labarin.

"Mama," ya ce a hankali, "Allah bai daina ƙaunarki ba."

"To ina yake ran nan da hantsi? Gonar ba nisa gare ta ba. Yaron da bai taɓa kai lauje gona ran Lahadi ba! Ni da na haife shi, da ina wurin da na shiga tsakaninsu. Shi yana wurin, ya tsaya yana kallo."

Wata tsohuwa ta ce, "Ubangiji ka yi mana jinƙai." Baba Gide ya dubi sama kamar mai tsoron kwanon rufin zai rufto.

Amsoshin da Fasto ya koyo a makarantar Littafi Mai Tsarki duk sun zo masa, ya dube su ɗaya ɗaya, ya ji kunyarsu.

"Ban sani ba, Mama. Abin da na sani, shi ma an kashe masa ɗa da rana tsaka, yana kallo."

"Na sani. Shi ya sa shi na kawo ma wa, ban kai wa wani ba." Ta gyara zaman damin a kanta. "Amma nashi ya tashi a kwana na uku, Fasto. Nawa yau sha tara."

Fasto ya matso, ya sa hannu biyu ya sauke mata damin, ya rungume shi a ƙirji. Ya ratsa tsakanin buhunan masara da kwandunan gyaɗa da kabewar da aka goge har tana ƙyalli, ya jingina shi a gindin gicciye, sama da komai. Da ya juyo, farar rigar ta tashi daga aiki.

Baraka ba ta nufi bencin baya ba, inda masu makoki kan raɓe. Ta zauna a gaba, ta harɗe hannuwa. Aka miƙo mata tulunta, ta girgiza kai. Ba ta yi waƙa ba, ba ta ce amin ba, ba ta kuma fita ba.

Bayan an tashi aka raba kaya, komai ya tafi sai damin. Baba Gide ya zo da tsintsiya, ya tambaye ta cikin lallashi ko yanzu a fitar da shi.

"Ku bar mashi. Bai ba ni amsa ba tukuna."

Lahadi mai zuwa, tun kafin a buga ƙarfen kiran sujada, mai buɗe ƙofa ya iske ta tsaye. Ta wuce shi ta zauna a bencin gaba, ta gyara ɗankwali, ta kafe gicciyen da ido.

"To," ta ce. "Ga ni na dawo. Ina jin ka."