Muryar da Na Gada

Ranar intabiyu ban gama gaisuwa ba matar da ke bayan tebur ta saki biron hannunta. Ya gangara ya faɗi ƙasa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta zuba wa ido.

"Ci gaba da magana," in ji ta.

"In ce me?"

"Komai ma. Ki dai yi magana."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tun safe nake tsaye a layi, takalmin aro yana cizona, sannan a ce in yi ta zuba kamar rediyo? Na daure na faɗi makarantar da na yi da abin da na karanta. Sai ta tambaye ni ko ina da 'yar'uwa da ta taɓa aiki a wurin. Na ce ina da ita, yayata ce, bara ta rasu. Ta ce ta sani, har gida ta zo gaisuwa. Ta ce in fara ranar Litinin. Takardun da na sha wahalar haɗawa ko buɗe su ba ta yi ba.

Yaya ce ke riƙe da gidanmu tun bayan rasuwar Baba. Ciwon kai ta ce tana ji wata ranar Laraba, kafin sati ya zagayo mun dawo daga asibiti babu ita. Muka rage ni da Umma a ɗaki biyu da falo. Umma ba ta yi kukan da mutane suka yi tsammani ba. Ta dai zauna a bakin gado da waya a hannu, abinci sai an matsa mata, magana sai ta kama dole. Likita ya ja ni gefe ya ce jininta ya hau ƙwarai, kada a bari wani abu ya sake girgiza ta. Wannan maganar na ɗauka na rataya a wuya. Na rasa ɗaya, ba zan rasa ta biyu ba.

Wurin aikin cibiyar amsa kira ce ta wani kamfanin layin waya. Babban ɗaki ne a hawa na biyu, tagoginsa ba a buɗewa, esi na busa sanyi har cikin ƙashi. An yanka shi ƙananan akurki-akurki, kowa da kwamfuta da hedfon da kujera mai juyawa. In kika shigo za ki ji mutane da yawa suna ba da haƙuri a lokaci ɗaya, kowa da murya ƙasa-ƙasa. A bango akwai ƙaton allo mai nuna yawan masu jira a layi. In sun yi yawa sai ya koma ja, kowa ya shiga taitayinsa. Ko bayi za ki sai kin danna madanni, na'ura ta fara ƙirga miki. Matar da ta ɗauke ni ita ce shugabar ɓangaren masu amsa kira da Hausa, mu 'yan kaɗan ne a lungu guda. Anti Agogo ake ce mata a bayan ido, don ta san tsawon kowane kira fiye da yadda ta san ranar haihuwar 'ya'yanta.

Su a can ba da littafi ake koyar da sabon ma'aikaci ba. Duk kiran da aka amsa ana naɗarsa. Sai a zaɓo na gwanaye a sa miki a kunne, ki ji, ki maimaita, ki sake ji, ki sake maimaitawa, har sai bakinki ya faɗa daidai inda nasu ya faɗa. Gwanar ɓangarenmu kuwa, wadda ake sa wa kowane sabo, Yaya ce.

Anti Agogo ta ce za ta nemo min na wani. Na ce a'a, a bar min ita. Taurin kai ne, da kuma wani abu da ban san sunansa ba.

Na sa hedfon. Aka yi ɗan shiru, sai na ji ta ja numfashi, ɗan gajere, sannan ta ce, "Barka da kira, da me zan taimaka?" Wallahi sai da na waiga. Komai yana ciki. Awarwaronta yana bugun tebur in tana rubutu. Alewa mai sanyi tana karo da haƙorinta. Wani mutum ya zage ta tas a kan katin da ya ƙi shiga, ta bar shi ya gama, ta ce, "To ranka ya daɗe, bari mu duba tare." A gida Yaya ba ta da wannan haƙurin, ni na sani, don na sha rankwashi a hannunta. Amma ita ce. Na yi kuka a ranar farko. A rana ta biyu ban yi ba, na fara maimaitawa.

Ranar da na amsa kirana na farko, duk lungunmu ya yi tsit. Mutumin da ke kusa da ni, wanda muke kira Mai Tari saboda kullum yana kashe murya ya yi tari, ya cire hedfon ya leƙo ta saman katako.

"Ke, don Allah rage," ya ce. "Tsigar jikina tashi take."

"In rage me? Haka Allah ya yi ni."

"Ba haka ya yi ki ba ranar da kika zo."

Na harare shi na ci gaba da aikina. Tsofaffin kwastomomi kuma sai murna. "A'a, ke ce? Kwana biyu! Ina kika shiga?" Da farko nakan ce ba ita ba ce. Sai su tambaya ina take, ni kuma in rasa ta cewa, kira ya yi tsawo, allo ya yi ja. Daga baya na koma cewa, "Ina nan, ranka ya daɗe." Ya fi sauƙi, kuma makin da ake ba ni a aiki ya hau. Sanyin ɗakin ya sa na ɗauko rigar sanyinta daga cikin akwati. Maƙogwaro na bushewa, na fara sayen alewar nan. Duk abin da na yi akwai dalilinsa.

Wata rana da hantsi kira ya shigo, na ga lambar Umma a kan kwamfuta. Daga baya na gane layinta ne ya daina aika saƙo, maƙwabciya ta ce ta kira kamfani. Dokar wurin ita ce duk wanda ya kira, ko uwarki ce, da gaisuwar kamfani za ki fara, kuma ba ki da ikon kashe waya sai shi ya kashe. Na yi gaisuwar.

Sai na ji ta ce, "Gimbiya?"

Haka take kiran Yaya, don tun tana ƙarama ba ta son wanke-wanke. Ni Auta take ce min. Rabon da in ji rai a muryar Umma irin na wannan lokacin tun kafin asibiti. Maganar likita ta faɗo min. In na ce ba ita ba ce, me zai faru da matar nan ita kaɗai a ɗaki?

Na ce, "Na'am, Umma."

Sannan ta kashe.

Da yamma na koma gida. Na same ta a falo, ta yi wanka, har ta ɗora tukunya. Ba ta ce min uffan ba game da kiran, ni ma ban ce ba. Ta dai bi ni da kallo har na shige ɗaki.

Washegari ta sake kira. Na'urar wurin tana mayar da mai kira ga wanda ya amsa masa na ƙarshe in ba ya kan wani layin, don haka ni ta samu. Bayan gaisuwa ta ce, "Wa ke magana?"

"Gimbiyarki ce, Umma."

"To," in ji ta. "Kin ci abinci?"

Haka muka ɗore. Kullum da hantsi, tambaya ɗaya take farawa da ita, amsa ɗaya nake ba ta. Sai ta tambayi sanyin ofis, ta ce in riƙa shan ruwa, ta kashe. Tana kashewa sai in ji kamar an zare min laka. Na tabbata a raina hankalin Umma ya taɓu, kuma ƙaryar nan tawa ita ce igiyar da ke riƙe da ita. A gida ta fara cin abinci, ta fara share tsakar falo, amma kallon nan bai daina ba. In na yi magana sai ta runtse ido. Na ce a raina, ba ni take gani ba, Yaya take nema a fuskata. Abin ya yi min ciwo, don ni ma 'yarta ce, ban kuma mutu ba. Amma na haɗiye.

Abin da na manta shi ne Anti Agogo tana sauraron kiraye-kirayenmu. Wata safiya ta kira ni ofishinta mai bangon gilashi ta rufe ƙofa. Na shirya masifa, don ni ba a taka ni in yi shiru. Sai na ga idonta ya yi ja.

"Zauna," ta ce. "Saurari wannan."

Ta sa min kira biyu, ɗaya bayan ɗaya, duka a kan layin da aka toshe. Ta ce ɗaya nawa ne, ɗaya na marigayiya, in nuna nawa.

Na yi tsaki. "Haba Anti, muryata ce zan kasa ganewa? Na biyun."

"Na biyun shekara biyu ke nan da naɗarsa."

Na ce ta sake sawa. Ta sake. Na kasa bambanta su.

"Ni na jawo, da na ɗauke ki don muryarki," in ji ta. "Amma abin da kike yi da mahaifiyarki ba zai ci gaba a layin kamfani ba. In na sama suka ji, ni da ke duka waje. Ko ki faɗa mata gaskiya yau, ko in sa a daina haɗa lambarta da ɓangarenmu."

"In ta yanke jiki ta faɗi fa? Ke za ki ɗauke ta?"

"In ta kira gobe ta ji baƙuwar murya fa? Wanne ya fi?"

Na fito ina zaginta a zuci, alhali na san gaskiya ta faɗa. Na aika wa maƙwabciyarmu saƙo na roƙe ta ta shiga wurin Umma ta zauna kusa, ban gaya mata dalili ba. Na amsa wani da datarsa ta ƙare ba bisa ƙa'ida ba, na amsa wata da ta manta lambar sirrinta. Ban san abin da na gaya musu ba. Sai lambar Umma ta fito.

Na yi gaisuwar. Ta ce, "Wa ke magana?"

Na dafe tebur da hannu biyu.

"Umma, ki zauna in kina tsaye. Umma, Yaya ta rasu. Tun bara. Ba ita ba ce take amsa miki. Ki yafe min."

Na rufe ido ina jiran ƙarar faɗuwa, ko salatin maƙwabciya. Ba abin da na ji sai fankar falonmu tana juyawa.

"Na sani," in ji Umma. Muryarta ko rawa ba ta yi. "A cinyata ta cika. Ni za ki gaya wa?"

"To Umma, me ya sa…"

"Ranar farko bakina ne ya suɓuce. Na ji muryar, sunan ya fita da kansa. Ina shirin in ce yi haƙuri Auta, sai na ji kin amsa. Kin amsa sunan matacciya, ko gezau ba ki yi ba. Kika dawo gida da rigarta a jikinki, kika ajiye jaka inda take ajiyewa, kika gaishe ni da bakinta. Ranar na tashi daga gadon nan, don na ga in ban tashi ba ke ma tafiya za ki yi."

Mai Tari ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma.

"Kullum ina tambayarki wa ke magana," ta ci gaba, "ko Allah zai sa wata rana ki ce ke ce. Na ji tsoron in tare ki gaba da gaba, kada in fasa abin da ban iya gyarawa ba. Ita na san inda take, ina yi mata addu'a. Ke ce ban san inda kike ba. Ina yarinyar nan mai tsiwa, mai yi min gunaguni in na aike ta? Rabona da jin muryarki tun satin da kika fara aikin nan."

Hawaye ya cika min ido har na daina ganin kwamfuta. Duk wannan lokaci ni ina lallaɓa ta, ashe ita ke lallaɓa ni.

"Yi min magana," ta ce. "Ba da ta aiki ba. Da taki."

Na danna madannin kashe murya na gwada ni kaɗai. Na yi gyaran murya. Na nemi yadda nake cewa haba Umma in ta tashe ni da sassafe, na nemi yadda nake dariya. Na san akwai su, amma na rasa ta inda ake kamo su. Na saki madannin.

"Umma," na ce. "Ni ce."

Ta saurara, har na ji numfashinta.

"A'a," in ji ta a hankali. "Ba ke ba ce tukuna. Ina kan layi."