Ihun Boeta Ganief

A layinsu na unguwar Athlone, idan aka ce gareji ba wurin ajiye mota ake nufi ba. Garejin Boeta Ganief ake nufi (Boeta, wato Yaya a bakin mutanen wurin), inda ya kafa ƙatuwar talabijin, ya jera kujerun roba, ya shafe bango da baƙin fenti. Nan ake taruwa duk ranar da New Zealand za ta buga zari-ruga, kuma wanda ya yi gangancin shigowa da koriyar rigar Afirka ta Kudu sai ya sha baƙar magana har ya ƙoshi. Ganief haifaffen Cape Town ne, kakansa ma haka. Bai taɓa taka New Zealand ba, da ƙyar ma zai nuna ta a taswira, amma ya fi 'yan ƙasar son baƙar rigarsu.

Yana da dalilinsa, kuma babu wanda ya isa ya ce dalilin banza ne. Zamanin wariyar launin fata, irinsu da ba Turawa ba ba sa zama ko'ina a filin wasa sai cikin wani keji na waya a bayan turakun gola. Daga nan suke goyon bayan duk baƙon da ya zo karawa da masu koriyar riga, don ita kaɗai ce hanyar da za su zagi Turawan ƙasar da babbar murya. Wata Asabar, yana saurayi, ihunsu ya yi yawa, 'yan sanda suka shigo kejin da kulake. Tun ranar kafaɗarsa ta dama ba ta ƙara ɗaguwa sama da kunne ba. Ya rantse bakinsa ba zai taɓa yi wa koriyar riga ihu ba. An sauya gwamnati, an sauya tuta, an cika ƙungiyar da 'ya'yan baƙaƙe, Ganief yana nan inda ya tsaya. Taurin kai ne, amma taurin kai mai tabo.

Sai Allah ya jarrabe shi da Yusri, autansa, yaro mai gudu kamar an koro shi. Ƙungiyar ƙasa ta kira shi, wasansa na farko, kuma da wa? Da New Zealand.

Kafin tafiya Yusri ya zo gida da koriyar riga a leda. Ya tarar da uban a gareji yana goge talabijin.

"Baba, ga wannan. Ban ce ka sa ba. Ka dai ajiye."

Ganief bai miƙa hannu ba. "Ba wa uwarka. Ita ce mai son tara tsumma."

"Za ka kalla dai ko?"

"Yaushe na taɓa fashin wasan New Zealand?" Da ya ga fuskar yaron ta sauya sai ya ƙara da cewa, "Da a nan garin za a buga, da na zo fili. Amma sun kwashe wasa sun kai Amurka. Ni ina ni ina Amurka?"

Ƙarya yake yi. Duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi jin daɗin wannan ɗauke wasa, don ta ba shi wurin ɓuya. Ya yi wa ɗansa "Allah ya kiyaye hanya" kamar yadda ake yi wa baƙon da aka rako tasha. Yusri ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa da yayarsa Nazli, ya ce mata a hankali, "In aka sako ni cikin wasa, ki ɗauko mini fuskar Baba a waya. Ko murmushi ne, ina so in gani."

Ranar wasa gareji ya cika tun la'asar sakaliya, don a can Amurka rana tsaka za a fara. Rugaya, matar Ganief, ta soya samosa ta cika faranti, ta kuma taya shi sa baƙar rigarsa kamar kullum, tunda hannun ba ya ɗaguwa. Yadda ta ja wuyan rigar har ta karce masa kunne ya isa magana.

Da aka nuno filin sai aka manta da gardamar kore da baƙi, aka haɗu a kan zagin Amurka.

"Wannan fili ne ko zauren wani?" in ji Sedick, maƙwabcinsu mai gyaran famfo. "Ku dubi ƙanƙantarsa! Ga bango nan a gindin layi, in ka yi atishawa sai ka buge shi."

"Ciyawar ma aro ce," in ji wani. "Jiya suka shimfiɗa ta kamar darduma. Ga ta can tana naɗewa."

"Mu da muka san wasa an bar mu da talabijin, an kai wa waɗanda ko ƙa'ida ba su sani ba. Ka ga wancan mai hular, tafi yake yi don alƙalin wasa ya ɗaga hannu!"

"Bar shi, Boeta, ya zaci gaishe shi ake yi."

Aka kwashe da dariya. Ganief ma ya yi, amma idonsa na kan bencin 'yan canji. Idon ya yi rauni, ga tsofaffin layukan ƙwallon Amurkawa da ba su gogu sosai ba suna raba masa hankali. Duk da haka sau ɗaya ya hango Yusri zaune, ya haɗe hannuwa a tsakanin gwiwoyi kamar yadda yake yi yana ƙarami in an kai shi asibiti.  Tsoro ya kama Ganief, tsoron abin da bakinsa zai yi in yaron ya shigo.

Hutun rabin lokaci ya zo daidai da magariba. Aka yi salla a tsakar gida, kowa ya sallame ya ruga gareji. Ganief ya zauna a kan darduma yana jan carbi, ya gama ya sake. Yana jin hayaniya ta tashi, yana jin muryar Rugaya tana guɗa, bai motsa ba. Ya san ma'anar guɗar, amma ya ce wa ransa wataƙila wani abu ne daban. Sai da ya ga zaman ya fara zama abin kunya sannan ya miƙe.

Yana sako ƙafa a ƙofar gareji, Nazli ta juyo da wayarta kansa. Bai ma lura da ita ba. A talabijin wani mai koriyar riga ne ya zari ƙwallo yana sheƙa gudu ta gefen layi, an nuno shi daga nesa, ɗan mitsitsi. Saura kaɗan ya kai. Sai ga wani ƙato cikin baƙar riga ya taso ta gefe, ya sunkuyo, ya kwashe shi gaba ɗaya. Suka fita fili tare, ciyawar aro ta zame a ƙarƙashinsu, mai koren ya tafi da ka ya daki bangon nan.

Shekara hamsin bakin Ganief yana yin abu ɗaya, bai jira izininsa ba.

"Haka nake so!" Ya daka tsalle, ya ɗaga hannun hagu. "Karya shi! Karya banza! Tashi mu gani in ka isa!"

Shi kaɗai ya yi ihun. Da muryarsa ta mutu sai ya ji gareji tsit. Sedick ya dafe kai. Farantin samosa ya suɓuce daga hannun Rugaya. Aka matso da hoton, lambar da ke bayan rigar ta cika talabijin, sannan gefen fuskar. Yusri ne, kwance a gindin bango, hannu ɗaya a lanƙwashe, ba ya motsi.

"Ba shi ba ne," in ji Ganief. "Sedick, ba shi ba ne ko? Idona ba ya gani sosai. Gaya mini ba shi ba ne."

Sedick bai ɗago ba.

Sai masu ɗaukar hoton suka kawar da kai daga yaron, suka koma kan 'yan kallo. An saki kiɗa a filin don kada jama'a su gaji da jira. Ga wasu 'yan mata suna rawa sun ga kansu a babban allo, ga wani mai tumbi yana ɗaga kofin giya, ga jama'a suna tashi suna zama sahu bayan sahu suna shewa.

"Ku mayar mana da shi!" Ganief ya yi kan talabijin ya riƙe gefenta. "Ku nuna mini ɗana, 'yan banza! Wa ya ce muku rawa muke son gani?"

Talabijin ba ta ji. Ya karɓi waya ya kira lambar Yusri, tana ta ƙara a wata jaka a wani ɗaki a bayan teku. Ya sake kira. Ya ce a kira kocin, babu mai lambarsa. Ya ce a kira filin, Sedick ya ce, "Boeta, wane filin? Wa muka sani a can?" Da a garin nan ne, da yanzu ya kama tasi, da ya ture masu gadi ko za su sake karya masa ɗaya kafaɗar. Amurkar da ya ɓuya a bayanta ita ce yanzu ta tsaya tsakaninsa da ɗansa.

Can aka nuno wata 'yar mota tana fita da yaron a ɗaure, wuya cikin abin tallafi. Duk garejin ana jira ya ɗaga yatsa, kamar yadda 'yan wasa ke yi don hankalin iyaye ya kwanta. Bai ɗaga ba. Aka ci gaba da wasa.

Sai a lokacin Ganief ya ga wayar da ke hannun Nazli, ya ga yadda take riƙe da ita.

"Me kika ɗauka?"

"Shi ya ce in ɗauko masa fuskarka, Baba." Tana kuka. "In an sako shi."

"Goge shi. Nazli, don girman Allah goge shi."

Ta ƙanƙame wayar a ƙirji, ta kasa gogewa. Ya juya wajen matarsa yana jan baƙar rigar, ta maƙale a kafaɗa.

"Rugaya, cire mini. Cire mini abin nan, yana shaƙe ni."

Rugaya ta dube shi, irin duban da bai taɓa gani a idonta ba duk tsawon aurensu. Ta shiga ɗaki ta fito da almakashin ɗinkinta, ta tsaga rigar daga wuya har ƙasa. Maƙwabta suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ganief ya zauna a kujerar roba daga shi sai singileti, yana "ya Allah, ya Allah", ya rasa sauran addu'ar da ya haddace tun yana yaro.

Wayar Rugaya ce ta yi ƙara. Likitar ƙungiya ce, daga cikin motar asibiti. Ta ce Yusri yana numfashi, ya farfaɗo, yana motsa hannuwa. Ƙafafun dai bai ji su ba tukuna, sai an ɗauki hoto za a san inda aka tsaya. Ta ce ya nace sai ya ga babansa, ta juya wayar.

Fuskar Yusri ta fito, an ɗaure goshi da haɓa, idanu kaɗai ke yawo.

"Baba."

"Na'am, ɗana. Ga ni. Ga ni nan."

"Ka ga na shiga?"

"Na gan ka."

"Nazli ta ɗauka?"

Nazli na gefe tana girgiza kai, tana yi masa alamar ya ce a'a. Ganief ya buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fita.

"Ta ɗauka."

"Me ka yi, Baba? Ka tashi tsaye?"

"Na tashi tsaye."

"Ka yi ihu?"

Ganief ya runtse ido. "Na yi ihu. Duk layin nan sun ji."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon yaron zuwa kunne, yana murmushi. "Alhamdu lillahi. Ku turo mini yanzu. Ina so in kalla kafin su shigar da ni."

Wayar ta katse.

A layin baya wani ya kwarma ihu, New Zealand ta sake ci. Ganief bai waiwayi talabijin ba.

"Baba," in ji Nazli, "in tura?"

"Rugaya, ina rigar da ya kawo?"

Tana cikin ledarta, ko takardar wuya ba a cire ba. Rugaya ta zura masa hannun dama tukuna, a hankali wannan karon, sannan kai, sannan hagu. Rigar ta yi masa ɗan matsi a ciki. Ya miƙe ya tsaya a ƙofar gareji, daidai inda ya tsaya ɗazu.

"Kunna, Nazli. Sake ɗauka. Zan yi masa yadda ya kamata."

Ta ɗaga wayar. Ganief ya dubi talabijin, inda ake ta gudu a filin da babu ɗansa a ciki. Ya ɗaga hannun hagu, ya ja numfashi, ya buɗe baki zai yi ihu. Babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, ya samu "Yus…" kawai, sauran sunan ya ƙi fita. Ya dafa ƙofa ya durƙushe, tsoho cikin sabuwar koriyar riga, yana kuka da ƙarfi kamar yaron da ya ɓace a kasuwa.

Nazli ta sauke wayar ta dubi uwarta.

"Wannan za ki tura," in ji Rugaya.