Sarkin Mazari a Kududdufin Bayan Gida

"A kan ƙwaro za ka tare mota? Ƙwaro fa, Auta!"

"Minti biyar na ce, Yaya. Biyar kacal."

Auta na tsaye tsakanin tifa da kududdufin bayan gidansu, ya ware hannuwa. Yayansa, mai facin taya, shi ya sa aka kawo yashi a cike ruwan. Sauro ya addabi 'yarsa, zazzaɓi sau biyu a wata guda.

"An gama sakandare, an koma kiwon mazari," in ji Yaya. "Gobe sai ka raɗa musu suna."

Auta ya mayar da idonsa kan ruwan. Sati uku ke nan yana zaman bakin ruwan da tsohon littafinsa na makaranta. Ƙananan mazari jajaye, masu sauka a kan tsinke, kowa ya san su. Wanda ya gani daban ne, amma duk wanda ya gaya wa sai ya yi dariya.

Sai ga mazarin ya keto ta saman ciyawa kamar an harbo shi.

"Ga shi! Yaya, ga shi can! Kar ka motsa!"

Ya fi ɗan yatsan tsakiya tsawo. Ƙirji kore shar, jela shuɗiya, baƙin layi ya bi gadon bayansa. Bai sauka ba. Ya kai ƙarshen ruwa, ya juyo, ya sake komawa kamar mai gadi, ya cafke wani abu a iska.

Direban tifa ya kashe inji, ya leƙo ta taga. "Kai! Wannan mazari ne ko jirgi?"

"Sarkinsu ne!" in ji Auta. "Kalar, girman, rashin saukar, duk yadda littafin ya faɗa. Ruwa kwance yake so, mai ciyawa, mai samun rana."

Yaya ya taɓe baki, amma idonsa na bin sa. "Baƙo ne. Mai fiffike ai ko'ina gidansa ne."

Auta bai tsaya cire takalmi ba. Ya faɗa ruwa har gwiwa, ya karyo wani kara, ya fito yana haki. A jikin karan akwai busasshen ƙwanso mai ƙafa shida, bayansa a tsage.

"Ga rigar da ya tuɓe. A nan ya girma, Yaya! Kafin ya yi fiffike cikin ruwa yake zama, yana cin 'ya'yan sauro. Na ɗebi ruwan nan a kwalba sau goma, da ƙyar na ga ɗaya. Amma je ka leƙa tayoyinka."

Yaya ya waiwaya. Tsofaffin tayoyi jibge a jikin katanga, daf da tagar ɗakin 'yarsa, kowace da ruwan sama a ciki. Ya karɓi karan, yana jujjuya shi. Mazarin ya wuce ta saman kansa.

Direba ya ɗora hannu a kan makulli.

"Maigida, rana na yi. In zuba, ko in koma da shi?"